Ra'ayinmu: A Sa Ran Lebura Cikin Lissafin Gyaran Gini

Kowace shekara, da zarar an gama kaka an kai amfanin gona rumbu, sai aikin gini da gyare-gyare ya kankama a ƙauyukan arewacin Jihar Kano. Daga Ungogo zuwa Minjibir, Dawakin Tofa, Bagwai, Bichi, Tsanyawa, Makoɗa da Ɗambatta, da wuya mutum ya ratsa gari bai tarar ana yaɓe, ko ana sauya azara, ko ana buga kwano, ko ana yasar rijiya ba. Aikin ya kan ƙara tsananta a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da iskar farkon damina take yaye rufin makarantu da ɗakunan shan magani, kowa kuma yake gaggawar rufe ɗakinsa kafin ruwa ya zauna. Babu shakka wannan himma abin yabo ce, domin ginin da ba a kula da shi kango ya kan zama. Amma akwai wani gefe na wannan aiki da ba a cika magana a kansa ba, wato mutanen da suke karyewa, ko su nakasa, ko su rasa rayukansu a cikinsa, galibinsu kuwa ba tare da sunansu ya shiga littafin wata hukuma ba.

A shekarar 2022 Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ta ba da labarin mutuwar mutum biyar a ƙauyen 'Yan Lami da ke Ƙaramar Hukumar Bichi, waɗanda rami ya rufta da su suna cikin haƙar ƙasa domin taimaka wa abokinsu mai shirin aure ya yi gini. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekarar kuma wani bene da ake cikin ginawa ya rushe a titin Beirut cikin birnin Kano. Rushewar benen ta ja hankalin ƙasa baki ɗaya, manyan jami'ai suka je suka duba, aka yi kwanaki ana sharhi a kai. Na 'Yan Lami kuwa labarin kwana ɗaya ne, daga nan sai iyalansu da Allah. Alhali kuwa irin haɗarin 'Yan Lami shi ne ya fi kusa da yawancin jama'armu, shi ne kuma ya fi sauƙin kaucewa, domin maganinsa bai wuce sani da kulawa da 'yan kuɗi kaɗan ba.

Kafin a fahimci girman hasarar, sai an san ko wane ne leburan gini a wannan yanki. Karkarar da ta kewaye Kano tana cikin wurare mafiya cunkoson jama'a a ƙasashen Afirka ta Yamma masu ƙarancin ruwan sama, abin da masana irin su Michael Mortimore suka yi ta nazari a kai tun cikin shekarun 1960. Gonaki ƙanana ne, ana noma su kowace shekara ba hutu, kuma abin da ake samu ba safai yake kai gida ƙarshen shekara ba sai an haɗa da sana'ar rani. Saboda haka birkila da kafinta da mai kwaɓa ƙasa da mai miƙa tubali, kusan dukansu manoma ne. Wanda ya faɗo daga kan rufi a watan Afrilu ya karya ƙugu, ba zai riƙe fartanya a watan Yuni ba. Ke nan faɗuwa ɗaya ta ci kuɗin rani, ta ci noman damina, wani lokaci ma ta ci gonar kanta, domin a kan jinginar da ita ko a sayar a biya kuɗin magani. Yaran gidan kuma su ne farkon waɗanda za a cire daga makaranta.

Abin da ya kamata kowa ya lura da shi shi ne, gyara ya kan fi sabon gini haɗari. Mai sabon gini ya san abin da yake takawa, domin shi ya aza shi da hannunsa. Mai gyara kuwa ana kiransa ne saboda abu ya riga ya lalace. Azarar da zai taka mai yiwuwa gara ta cinye cikinta, katakon da ke ƙarƙashin kwano mai yiwuwa yoyon shekaru ya ruɓar da shi, katangar da zai jingina tsani da ita mai yiwuwa ruwa ya zaizaye gindinta. Daɗin daɗawa, aikin gyara gajere ne, na yini ɗaya ko biyu, saboda haka kowa ya kan ga ɓata lokaci ne a tsaya kafa abin hawa mai ƙwari. Sai a ɗora katako a kan durom biyu, ko a haɗa tsani da ragowar itace da tsofaffin ƙusoshi, a ce ai yanzu za a gama. Wanda ya faɗo daga tsayin mita 3, wato kimanin tsayin aji ɗaya na firamare, ya kan iso ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 28 a awa. In ya sauka da ka, ko a kan bulo, ko a kan rodi, wannan ya isa kisa.

Haɗari na biyu shi ne na ƙasa. Ƙasar da ta cika ma'aunin mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi ta kan kai nauyin tan ɗaya da rabi, daidai da buhun siminti 30. Masu haƙar ƙasar gini a kududdufi su kan bi jijiyar jan ƙasa mai kyau su yi ta kwarfa gindin gaɓa, har saman ya zama kamar rumfa a kansu. Irin wannan rumfa ba ta ba da sanarwa kafin ta faɗo, kuma wanda ta danne wa ƙirji mintoci kaɗan yake da su, ko da kansa yana waje. Haka nan tsohuwar katanga, in za a rushe ta daga sama ake farawa a sauko. Wanda ya sare gindinta domin ta faɗi gaba ɗaya a huta, bai san ɓangaren da za ta zaɓa ba.

Na uku shi ne na rijiya da masai. Hukumar Kashe Gobara ta sha ba da rahoton mutanen da suka mutu a cikinsu a sassan jihar nan, kuma labarin kusan iri ɗaya ne kullum: na farko ya shiga ya yi shiru, na biyu ya bi shi domin ceto shi ma ya yi shiru. Dalili kuwa shi ne, a ƙasan rami mai zurfi iskar shaƙa ta kan yi ƙaranci, ruɓewar ƙazanta kuma ta kan haifar da iska mai guba wadda take sumar da mutum nan take. In aka kunna injin jan ruwa mai aiki da fetur a cikin rijiya ko a bakinta, hayaƙinsa yana ɗauke da wata guba da ba ta da launi ba ta da wari. Tsofaffin masu haƙar rijiya su kan zura fitila tukuna su ga ko za ta mutu. Wannan dabara tana nuna ƙarancin iska, amma ba ta nuna kowace irin guba ba, kuma ba a yin ta a masai domin iskarsa tana iya kamawa da wuta. Ƙa'idar da ba ta da madadi ita ce a bar ramin a buɗe ya sha iska, mai shiga ya ɗaura igiya a jikinsa, ƙarfafan mutane suna riƙe da ita a sama, kuma kada kowa ya bi wanda ya suma sai da irin wannan shiri.

Akwai kuma haɗurran da zamani ya kawo. Wayar lantarki ta shiga garuruwa da dama ta bi ta kan gidaje, ga shi kuwa kwano da rodi da tsanin ƙarfe duk suna ɗaukar wuta. Kafinta ba shi da ikon dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ba a sallama kafin a dawo da ita. Ɗanyen siminti yana cin fata, wanda duk ya ga ƙafafun masu kwaɓa shi ba takalmi ya san haka. Tsohuwar ƙusa mai tsatsa da ta sha ƙasa tana iya jawo cutar sarƙewar haƙora ga wanda ba a yi wa allurar rigakafi ba. Zafin rana na watannin Maris zuwa Mayu, wanda ya kan kai digiri 40, yana sa jiri, jiri kuwa a kan rufi ajali ne. Sa'an nan ga asbestas, wanda aka yi ta amfani da shi wajen rufi da silin gine-ginen hukuma a shekarun 1970 da 1980. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, cutarsa kaɗan ce, amma in aka fasa shi ko aka yanka shi da zarto, ƙurarsa ta kan maƙale a huhu ta haifar da ciwon daji bayan shekara 20 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar kowane irin asbestas yana jawo wannan cuta, Ingila kuma ta haramta shi ɗungum tun 1999. A nan kuwa ana jefo shi daga sama ya tarwatse a filin makaranta, yara su kwashi gutsattsarin su yi wasa.

To, me doka ta ce? Dokoki dai akwai su. Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi tanadi a kan lafiyar ma'aikata, amma an tsara ta ne da ma'aikatu irin na Bompai da Sharaɗa da Challawa a zuci. A 2006 aka fito da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa. A 2010 kuma aka kafa Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987, aka ɗora wa hukumar NSITF alhakin gudanar da ita. Wannan doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya cikin asusun diyya, kuma ta shafi ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo, ko da yarjejeniyar aikin ta baka ce. Ta ba ma'aikacin da ya ji rauni kwana 14 ya sanar da ubangidansa, shi kuma ubangidan kwana 7 ya sanar da hukuma. A duniya kuma, Yarjejeniya ta 167 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1988 a kan aikin gini ta ambaci gyara da kula da gini da fenti da rushewa da haƙa duk a cikin abin da ake nufi da aikin gini. A 2022 ƙungiyar ta sa lafiyar wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin kowane ma'aikaci.

Abin tambaya shi ne, leburori nawa ne a Makoɗa ko Tsanyawa suka taɓa jin labarin kwana 14 ɗin nan? Mutumin da aka ɗauka da safe a bakin kasuwa, aka sallame shi da yamma, ba takarda ba shaida, wa zai kai ƙara, a ina kuma? Abin da aka saba gani shi ne, in haɗari ya auku mai aiki ya ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, a kai mutum wurin mai ɗori, in abin ya gagara a nufi babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta, daga can a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala, sau da yawa bayan rauni ya riga ya ɓaci. Dokar da ba ta isa ƙauye ba, amfaninta ga mutumin ƙauye bai wuce na rijiyar da ba ta da guga ba.

A ra'ayinmu, wurin da ya kamata a fara gyara shi ne wurin da hukuma take da cikakken iko, wato kwangilolinta. Babu mai ba da aikin gyaran gini a karkara kamar gwamnati. Azuzuwan da aka yi ta ginawa tun daga shirin ilmin firamare kyauta na 1976 sun tsufa, haka ɗakunan shan magani da gidajen malamai da rumfunan kasuwa. A watan Yuni na 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, gyaran azuzuwa kuwa yana cikin manyan ginshiƙan shirin. Aiki mai yawa haka yana nufin dubban mutane a kan rufi. Sanin kowa ne kuma kwangila ta kan bi hannuwa da dama kafin ta isa wurin mai guduma, kowane hannu ya ɗebi rabonsa, abin da ya rage wa na ƙarshe bai isa sayen katako mai kyau ba balle igiya. Wanda aka matse wa kuɗi, lafiyar yaransa ita ce farkon abin da zai yi tsimi a kai, domin ita kaɗai ce mai duba aiki ba ya aunawa.

Saboda haka muna ba da shawarwari kamar haka. Na farko, Ma'aikatar Ayyuka, da Hukumar Ilmin Bai-Ɗaya ta Jiha, da sassan ayyuka na Ƙananan Hukumomi 44 su ware layi na musamman cikin takardar ƙiyasin kowace kwangilar gyara domin kayan kariya: tsani mai ƙwari, katakon hawa, igiya, hular kariya, takalmi, safar hannu, abin rufe hanci, ruwan sha da akwatin taimakon gaggawa. A biya wannan kuɗi dabam, kada kuma a yarda a rage shi wajen neman araha. Na biyu, kada jami'i ya sa hannu a takardar biya sai ya je wurin yana cikin aiki ya ga kayan a jikin mutane. Na uku, kowane ɗan kwangila ya nuna shaidar rajista da asusun diyya, ya kuma ajiye littafin sunayen duk wanda ya yi masa aiki, ko na yini ɗaya ne, kuma alhakin rauni ya tsaya a kan wanda ya karɓi kwangilar daga hukuma ko da ya sayar da ita ga wani. Na huɗu, kafin a taɓa rufin kowane tsohon ginin hukuma, injiniya ya hau ya duba katako, ya tantance ko akwai asbestas, ya kuma nemi kamfanin lantarki ya yanke wuta in waya tana kusa. In akwai asbestas, a jiƙa shi a sauke shi ɗungum ba tare da fasawa ba, a binne shi nesa da jama'a. Na biyar, kada a yi gyaran aji yara suna ciki ko suna wasa a gindinsa, kada kuma a sa ɗalibai ɗaukar kaya da sunan taimako.

Amma aikin 'Yan Lami ba kwangila ba ne, aikin gayya ne, kuma babu sufeton da zai iya zagaya kowane kududdufi. A nan sai a koma ga tsarin da muka gada. Ƙasar Hausa ba baƙuwar ƙa'idar gini ba ce. Tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, magina suna da shugabanni, kuma sarautar Sarkin Magina tana nan a garuruwa da dama. Yaro ya kan yi shekaru yana kwaɓa da miƙo kafin a bar shi ya hau katanga. Abin da ya raunana wannan tsari shi ne shigowar bulo da kwano da siminti, waɗanda kowa yake ganin zai iya, ba tare da ya zauna ƙarƙashin wani gwani ba. Ya kamata hakimai da dagatai da masu unguwanni su tara sarakunan magina da shugabannin kafintoci da masu haƙar rijiya a farkon kowane rani, a yarda da 'yan ƙa'idoji da kowa zai iya riƙewa. A kishingiɗar da gaɓar rami maimakon a kwarfe ta, kada a tara ƙasa a bakinsa, a bar mutum ɗaya a sama yana lura. Ramin da ya wuce ƙirjin mutum a tokare shi. Tsani a ja gindinsa baya taku ɗaya ga kowane taku huɗu na tsayi, kansa ya zarce rufi da kimanin mita ɗaya, a ɗaure shi ko wani ya riƙe. Mai unguwa ya sami ikon hana haƙa a kududdufin da ya zama tarko. Gidajen rediyo kuma su riƙa maimaita waɗannan a watannin rani kamar yadda suke yi wa sanarwar taki da iri gab da damina.

Wani abin da ba ya cin kuɗi shi ne ƙidaya. In kowane asibiti da ɗakin shan magani zai riƙa rubuta sana'ar wanda aka kawo da rauni da yadda ya same shi, dagatai kuma su riƙa sanar da Ƙaramar Hukuma duk mutuwar da ta auku a wurin aiki, cikin shekara ɗaya gwamnati za ta san inda matsalar ta fi tsanani. Ma'aikatan lafiya na karkara su kuma koya wa jama'a cewa wanda ya faɗo yana kukan wuya ko baya ba a ciccibarsa a ɗora a babur. A kan shimfiɗe shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a riƙe kansa kada ya motsa, domin ɗauka marar kyau ita take mayar da karaya ta zama shanyewar jiki.

Ga ɗalibanmu, musamman na Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Bichi da na kwalejojin fasaha na jiha, ku ne za ku zama malaman sana'a da masu duba aiki gobe. Yawancinku 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne, kuma mai hawa rufin wa ne ko ƙane ko uba. Abin da kuka koya a aji ku kai shi gida lokacin hutu, ku faɗe shi cikin ladabi. Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, fayil ɗin da yake gabanku mai ɗauke da ƙiyasin gyaran aji uku, akwai mutum goma ko fiye a bayansa waɗanda ba za ku taɓa ganinsu ba, amma alƙalaminku yana iya zama sanadin komawarsu gida da ƙafafunsu.

Mun san akwai masu cewa abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Wannan gaskiya ce, babu mai jayayya da ita. Amma manomin da ya yarda da ƙaddara bai fasa yin shinge ba, bai fasa ɗaure akuyarsa da damina ba, malamanmu kuma ba su taɓa koyar da cewa sakaci tawakkali ne ba. Ba daidai ba ne ɗan kwangila ya ci ribar tsani, sa'an nan in ya karye ya ce wa marayu haka Allah ya so. Tun ran gini ran zane. Muna kira ga Gwamnatin Jiha da Majalisar Dokoki da Ƙananan Hukumomi da masarautu su zauna su tsayar da waɗannan ƙa'idoji kafin wani rani ya zagayo, domin duk wanda ya hau gyaran aji ko asibitin jama'a ya sauko lafiya ya tarar da gonarsa.